CACAR WAYA: DAGA AMURKA ZUWA ƘETAREN GWARI

Wata sabuwar sana'a ta ɓullo a Amurka cikin 'yan shekarun nan, wadda in da za a ba dattawan da labarinta, da sai su ce tatsuniya ce. Saurayi ne zai zauna a ɗakinsa gaban kwamfuta, ya buɗe gidan caca na intanet, ya yi ta zuba dubban daloli, a ci shi ya yi ihu, ya ci ya yi tsalle, mutane dubbai kuwa suna kallonsa kai tsaye a wayoyinsu tun daga magariba har asuba. Ba ya waƙa, ba ya wasan kwaikwayo, ba ya koyar da komai. Cacar ita ce wasan, kuma da ita yake cin abinci.

Mai karatu da ke neman abincinsa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, yana iya cewa ina ruwan Bahaushe da abin da wani yaro yake yi a ƙetaren teku. To, ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake nunawa a can ya riga ya sauka cikin aljihun yaran da aka baro a gida, kuma unguwar Ƙetaren Gwari ta Minna ta isa misali.

YADDA ABIN YA FARO

Tun a shekarar 2016 asiri ya fara tonuwa. Waɗansu samari biyu masu farin jini a YouTube, watau Trevor Martin ɗan Amurka da Tom Cassell ɗan Ingila, sun daɗe suna nuna kansu suna cin kuɗi a wani gidan caca mai suna CSGO Lotto, kamar dai sun yi tuntuɓe da shi ne a hanya. Daga baya aka gano ashe su ne masu gidan. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta shiga maganar, aka daidaita a 2017 bisa sharaɗin cewa nan gaba lalle su riƙa bayyana wa jama'a dangantakarsu da duk abin da suke tallatawa.

A watan Mayu na 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 wadda ta hana yawancin jihohin ƙasar halatta cacar wasanni. Jihohi suka shiga ba da lasin ɗaya bayan ɗaya, tallan caca ya cika talbijin da filayen wasa. Ana cikin haka sai ga gidajen caca masu karɓar kuɗin kirifto, babbansu shi ne Stake, wanda Ed Craven da Bijan Tehrani suka kafa a 2017 da lasin na tsibirin Kurasawo. Da yake dokar Amurka ba ta yarda da irin wannan gida ba, sai waɗansu samarin suka riƙa tsallakawa Kanada ko Meziko domin su nuna cacarsu daga can, masu kallo kuwa suna gida Amurka da sauran duniya.

Kuɗin da ke cikin harkar ya wuce misali. Tyler Niknam, wanda aka fi sani da Trainwreck, ya faɗa da bakinsa a watan Oktoba na 2022 cewa an biya shi dala miliyan 360 cikin wata 16 saboda nuna caca. A watan Satumba na wannan shekara wani ɗan Ingila da ake kira Sliker ya amsa cewa ya yaudari masu kallonsa da abokan sana'arsa ya karɓi kuɗin da ya kai aƙalla dala 200,000, ya narkar da su a caca. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa dandalin Twitch, mallakar kamfanin Amazon, ya hana nuna gidaje irin su Stake da Rollbit da Duelbits da Roobet daga ran 18 ga Oktoba, 2022.

Sai dai hanin bai kashe sana'ar ba, ƙaura kawai ta yi. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe sabon dandali mai suna Kick, kuma masu Stake ne ke bayansa. Adin Ross ɗan Amurka ya koma can a farkon 2023, sa'an nan a watan Yuni na wannan shekara aka ba da labarin yarjejeniyar da ta kai dala miliyan 100 tsakanin Kick da wani ɗan Kanada da ake kira xQc. Mawaƙin nan Drake shi ma ya ƙulla hulɗa da Stake, har ya nuna wa duniya tikitin dala miliyan ɗaya da ya zuba a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022, kuɗin da suka tafi domin Ajantina ba ta yi nasara cikin minti 90 ba. A watan Oktoba na 2025 an shigar da ƙara a Jihar Mizuri ana zargin Drake da Adin Ross da cewa da kuɗin gidan cacar suke wasa alhali suna nuna kamar nasu ne. Zargi ne da aka kai gaban kotu, amma tambayar da ya tayar ita ce gishirin maganar duka: kuɗin wa ake zubawa?

In an biya mutum miliyoyi domin ya zauna ya yi caca, to, shi ba ɗan caca ba ne, ɗan talla ne. Asararsa ta daren yau albashinsa na gobe ya rufe ta. Mai kallo kuwa da guminsa yake shiga, kuma ba mai mayar masa da ko kwabo.

HANYAR DA YA BI YA ISO MINNA

Ƙetaren Gwari tana cikin tsofaffin unguwannin Minna, ita da Limawa da Kwangila, tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa. An san ta da garejin makanikai da masu walda da masu fenti da masu sayar da kayan gyaran mota. Watau unguwa ce ta masu sana'ar hannu, inda yaro kan shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha, ya yi shekaru yana miƙa sifana kafin a yaye shi. Irin wannan yaro ba shi da albashi. Abin da ke shiga hannunsa shi ne ɗan kuɗin abinci da maigida ya ba shi, da alherin mai mota, da abin da uba ko wa ya aiko daga Kudu. Kuɗi kaɗan ne amma kullum suna ɗigowa, kuma irinsu gidan caca ya fi so.

Yawancin yaran nan ba su san Kick ba, ba su kuma da kuɗin datar da za su kwana suna kallo. Abin da ke iso musu shi ne gutsattsarin bidiyo na rabin minti da ake yankowa ana zubawa a TikTok da Facebook da WhatsApp. Wanda ya yanko kuwa ba ya yanko awa shida na asara, sai daƙiƙar da na'ura ta yi aman kuɗi. Yaro ya ga cin, bai ga abin da aka zubar kafin cin ba.

Bayan wannan sai masu kwaikwayo na gida. A ko'ina cikin Nijeriya akwai masu nuna hoton tikitin da suka ce ya ci, da masu buɗe zaure a Telegram suna sayar da abin da suke kira tabbataccen sakamako, da masu raba lambar gayyata. Ita wannan lamba ita ce asirin cinikin: duk wanda ya yi rajista da ita, mai lambar yana da la'ada, kuma a tsarin da gidajen caca da yawa ke bi, la'adar wani kaso ne na abin da aka ci wanda aka gayyato. Ashe ke nan wanda yake ce wa yaro zo ka yi arziki, shi arzikinsa yana cikin tsiyacewar yaron. Tambaya ɗaya ta isa ta rushe mai sayar da tabbataccen sakamako: in ya tabbata, me ya sa yake neman naira dubu biyun wani, bai sayar da gidansu ya zuba ba?

Manyan mutane su ma sun ba da fuskarsu. Jay-Jay Okocha ya yi wa BetKing talla, ɗan damben nan haifaffen Ikko, Israel Adesanya, ya yi wa Stake, sunan Stake kuma ya hau ƙirjin rigar Everton a 2022. Duk yaron da ya shiga gidan kallon ƙwallo a Tunga ko Bosso ko Kpakungu ranar Asabar ya sha ganin sunan gidan caca a jikin 'yan wasa da gefen fili fiye da yadda zai iya ƙirgawa.

LISSAFIN DA BA A NUNAWA

Gidan caca bai dogara da sa'a ba, da lissafi ya dogara. A ɗauki wasan da kowane ɓangare yake da rabin damar ci. Adalci shi ne wanda ya zuba naira 100 ya karɓi 200 in ya ci. Amma gidan sai ya biya kamar 190. Wannan ɗan bambanci yana nufin a kan kowace naira da aka zuba, kwabo 5 na gidan ne, ko wa ya ci.

Samari kuwa ba su cika zuba wasa ɗaya ba, sun fi son jera wasa goma ko ashirin a tikiti guda domin naira 100 ta zama dubbai. In kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin wasa goma a jere ita ce 1 cikin 1,024. Na ashirin kuwa 1 cikin 1,048,576. Bugu da ƙari, rabon gidan yana hauhawa da kowane wasa da aka ƙara, har a tikitin wasa goma ya kai wajen kwabo 40 a kowace naira. Shi ya sa ba abin da gidan caca yake murna da shi kamar dogon tikiti, kuma shi ya sa maganar da aka fi ji a bakin 'yan caca ita ce wasa ɗaya ne ya yanke.

Akwai kuma wasan ɗan jirgin sama da ake kira Aviator, wanda ya fito a 2019, wanda ya fi kama da abin da samarin Amurka ke nunawa, domin ba a jiran Asabar, kowane zagaye 'yan daƙiƙoƙi ne. Masu shi sun ce yana mayar da kashi 97 cikin 100. A kunne kamar sauƙi ne. Amma wanda ya shiga da naira 1,000 ya yi ta juya abin da ke hannunsa har sau 50, a bisa matsakaicin lissafi abin da zai rage masa bai wuce naira 220 ba, kuma zagaye 50 ba ya cin rabin awa.

Yaron da ke zuba naira 500 kullum, a shekara ya zuba naira 182,500. Wannan ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci bisa naira 80,000 da Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince da shi a 2024. Kuɗi ne da za su fara tara wa yaro akwatin kayan aikin da zai buɗe nasa wurin ranar da aka yaye shi.

TSOHUWAR CUTA, SABUWAR ƘOFA

Caca ba baƙuwa ba ce. Dattawan da suka daɗe a Kudu sun san zamanin cacar ful, lokacin da ake cika takarda ana jiran sakamakon wasannin Ingila, sun kuma san na'urar kalo-kalo wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haramta da doka a 1977. Sun ga yadda rumfunan Baba Ijebu na Cif Kessington Adebutu suka bazu a kowane lungu na Ikko bayan 2001. Daga nan NairaBet ta Akin Alabi ta fito a 2009, Bet9ja ta Kunle Soname a 2013, sauran suka biyo baya.

Bambancin jiya da yau shi ne ƙofa. Kalo-kalo ƙarfe ne mai nauyi, ana iya ɗora shi a mota a tafi da shi. Ɗan karta sai ya nemi kango ko bayan tasha, kuma duk unguwa ta san shi, har ya kan rasa matar aure saboda sunan. Kunya ita ce katangar da ta tsare mutane da yawa. Yanzu yaro yana zaune kan benci kusa da maigidansa, kansa a sunkuye, ba wanda ya san ko gaisuwa yake aika wa uwarsa ko kuɗin cefanenta yake zubawa. Asusun waya da ya sauƙaƙa wa ɗan ci-rani aiko da kuɗi daga Mile 12 zuwa Minna cikin minti guda, shi ne ya sauƙaƙa wa kuɗin wucewa gidan caca cikin minti na biyu.

Ba kuma za a ɗora laifin duka a kan kwaɗayi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada ƙwarai, kuma a Minna ne mata da matasa suka tare hanya a shataletalen Kpakungu ran 5 ga Fabrairu, 2024, suna kukan yunwa. Saurayin da ya duba ya ga ko ya shekara goma yana aiki ba zai iya kama ɗaki ya yi aure ba, shi ne ya fi saurin gaskata cewa naira 200 za ta fisshe shi. Haka abin yake ga 'yan acaɓan da hanin da Gwamnatin Jihar Legas ta yi a watan Yuni na 2022 ya raba da sana'arsu. Gidan caca fata yake sayarwa, kuma kasuwar fata ta fi ci a lokacin tsanani.

DOKA TA KOMA HANNUN JIHOHI

Shekara da shekaru Gwamnatin Tarayya ce ke ba da lasin a ƙarƙashin dokar 2005, masu shagunan caca kuma suna fakewa da wannan takarda. Amma ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce sha'anin caca na jihohi ne, dokar Tarayya ba ta da ƙarfi sai a Abuja. Ma'anar wannan ita ce alhakin abin da ke faruwa a Ƙetaren Gwari yana wuyan Gwamnatin Jihar Neja da Majalisar Dokokinta, ba sauran nuna yatsa wani wuri.

Kano ta bi hanyar rufewa. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca wajen 30. Jihar Neja ita ma tana cikin jihohin da suka ɗauki tsarin Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, kuma hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida. Limaman coci su ma ba yabonta suke yi ba, abin da ke da muhimmanci a gari irin Minna inda Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo suke zaune tare.

Rufe shago yana da amfaninsa, domin yana hana yaron da ba shi da babbar waya shiga, yana kuma nuna cewa al'umma ba ta amince ba. Amma darasin Twitch da Kick yana nan: an toshe ƙofa, masu abin suka gina sabon gida. Kwaɗon Hisba ba ya kama waya. Wanda ya tsaya a kan rufe shago kaɗai, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

ABIN DA YA RAGE A YI

Kan macijin shi ne talla da hanyar kuɗi. Waɗansu ƙasashe sun gane haka. Ingila ta hana sa 'yan ƙwallo da taurarin da yara ke so a tallan caca tun Oktoba na 2022, kulob-kulob na gasar Firimiya kuma suka amince a 2023 cewa za su cire sunan gidajen caca daga ƙirjin riga bayan kakar 2025/26. Kenya ta dakatar da tallan caca na kwana 30 a 2025, sa'an nan ta hana amfani da fitattun mutane da taurarin intanet. Ba abin da zai hana jihohin Arewa su haɗa kai su nemi irin wannan, a tilasta wa duk mai raba lambar gayyata ya bayyana cewa biyansa ake yi, a kuma tilasta wa gidajen caca su tantance shekarun mai rajista, tun da su kansu sun rubuta cewa ba a yarda wanda bai kai 18 ya shiga ba.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun jama'a. Ƙungiyoyin makanikai suna da ƙarfi a kan yaransu fiye da ɗan sanda, kuma adashin da maigida zai riƙe wa yaro har ranar yaye shi ya fi dogon wa'azi. Malaman makaranta da na Islamiyya kuwa, in sun koya wa yara lissafin 1 cikin 1,024 a kan allo, sun ba su makamin da zai bi su har cikin ɗaki.

Su kuma mazauna Kudu masu aikowa da kuɗi gida, ya kamata su sake duba hanyar aike. Kuɗin makaranta ya tafi makaranta kai tsaye, na koyon sana'a ya shiga hannun maigida, na cefane ya shiga hannun uwar gida. Alamomin ba su da wuyar ganewa: yawan roƙon ƙananan kuɗi, sayar da waya a sake saye, bashin da ba a san dalilinsa ba, ɓatan kayan gyara a gareji, fushi a yammacin Asabar da Lahadi. In an gani, duka da kora ba su cika magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma mai ita ya fi bukatar a raba shi da riƙon kuɗi na wani lokaci, a sa masa ido, in ta yi tsanani a kai shi ga likita. Haka nan uban da ke tsayawa a rumfar Baba Ijebu a Agege ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa a Minna.

Saurayin Amurka da ke ihu gaban kwamfuta ya san inda albashinsa yake fitowa. Yana fitowa ne daga aljihun dubban mutanen da ba za a taɓa nuna fuskarsu ba, kuma ba abin da zai hana a sami yaron gareji na Ƙetaren Gwari a cikinsu, da kuɗin da ubansa ya tara yana dako a kasuwar Ikko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kyauta.